Wa Ya Yanko Ciyawar? Tarihin Dokin Ƙasar Hausa Daga Barga

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah, an gama hawa, an kwashe rumfuna, hotunan mahaya sun cika Facebook da TikTok. A bayan wani gida cikin birni muka tarar da doki a turke, wanda shekaranjiya muka gan shi cikin ado har ba a ganin komai nasa sai idanu da kofato. An sauke sirdi da jalala. A gadon bayansa akwai miki kamar tafin hannu, ƙudaje na bi. Gefen bakinsa ya tsage inda linzami ya ci, haƙarƙarinsa kuwa daga nesa ana iya ƙirga su. Bokitin da ke gabansa a bushe yake ƙayau.

Yaron da aka bar wa dokin bai wuce shekara 15 ba. Da ya ga mun tsaya, sai ya dubi babbanmu ya ce, "Don Allah Yaya, sau nawa ake ba shi ruwa a rana? Dusa kaɗai ta ishe shi? Kuma me ake sa wa ciwon nan?"

Muka dubi juna. Duk cikinmu babu wanda bai san sunan Hawan Daushe da Hawan Nassarawa ba, babu kuma wanda ya iya ba yaron amsar da za a dogara da ita. Abin da ya sa muka koma bin tarihi ke nan, muka kuma tarar cewa waɗannan tambayoyi na yaro a da can tambayoyin fada ne. Akwai masu sarauta da aka naɗa dominsu, akwai ɗimbin mutane da rayuwarsu ta ƙare wajen amsa su kullum safe da yamma.

Yadda doki ya shiga sarauta

Ƙananan dawaki, irin waɗanda ake kira ƙuru, sun daɗe a wannan yanki. Wasu al'ummun tsaunukan Jos sun ci gaba da hawansu ba sirdi har cikin ƙarni na 20. Abin da ya sauya al'amari shi ne zuwan manyan dawaki daga arewa da gabas, ta hanyar Azbin da Barno, tare da kayan hawansu. Harshenmu ma shaida ne: sirdi, linzami, likkafa da lifidi duk kalmomi ne da asalinsu Larabci. Mutumin da ke kan sirdi, ƙafarsa cikin likkafa, yana iya sukar mashi da dukan ƙarfinsa bai faɗo ba. Daga nan doki ya zama makami.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ya kuma ce Kanajeji yana aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa bayi. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara dawakin zage, wato dawakin da ake ja ba mahayi domin sarki ya sauya idan na ƙarƙashinsa ya gaji ko ya ji rauni. Waɗannan da muke gani yau ana ja a gaban sarki cikin ƙawa, asalinsu tanadin yaƙi ne.

Ba za mu ɓoye abin da aka biya ba. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno na sayen doki ɗaya daga fataken arewacin Afirka da bayi 15 ko 20, kuma fataken kan zauna jira har sarki ya dawo daga hari kafin a biya su. Wato da doki ake kamo mutane, da mutane ake sayo doki. Bayan an sayo shi kuma, yawanci bayi ne ke yi masa hidima. Duk wanda zai yi alfahari da tarihin dawakinmu, ya kamata ya riƙe wannan ma a zuciya.

Matsayin doki a mulki ya fito fili a sunayen sarautu. Cikin masu zaɓen sarki huɗu na Kano, biyu na ɗauke da sunan doki: Madaki, wanda asalinsa Madawaki ne, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A cikin gida kuma ga Shamaki, ɗaya daga manyan bayin sarki tare da Ɗan Rimi da Sallama, wanda bargar sarki ke ƙarƙashin kulawarsa. Ga Maja Sirdi mai lura da kayan hawa, ga zagage masu tafiya gaban doki. Har garuruwa sun ci sunan, kamar Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Cikin doki

Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano na iya tara mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Mu ɗauki wannan adadi mu yi lissafin barga da shi. Doki na shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a rana, gwargwadon zafi da aikin da ya yi, wato jarka ɗaya zuwa biyu irin ta 'yan garuwa. Ko a lita 30 aka tsaya, dawaki 7,000 na bukatar lita 210,000 kowace rana, kuma da guga aka jawo ta daga rijiya ko aka kai su rafi. Idan kowane doki kwano ɗaya na dawa ko gero yake ci, kwano 7,000 ke nan kullum, ban da ciyawa. Shi ya sa ba a tara su wuri guda. Suna warwatse a hannun hakimai da dagatai da barade, kowa na ciyar da nasa daga gandunsa da abin da talakawa suka kawo.

Dalilin wannan wahala yana cikin halittar dabbar. Tumbin doki ƙarami ne idan aka gwada da girmansa, lita 8 zuwa 15 yake ɗauka, alhali hanjinsa ya kai kusan mita 30. An halicce shi ya riƙa ci kaɗan-kaɗan kusan yini da dare, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga, ko ya wuce ko ya kashe shi. Saniya na iya cika ciki ta kwanta tana tuƙa, doki ba shi da wannan gata. To dokin yaƙi kuwa ingarma ne, ba a sakinsa kiwo don kada ya yi faɗa ko a sace shi. A turke yake kwana ya wuni, don haka komai kawo masa ake yi.

Daga nan tsarin barga ya samo asali. Da damina yara da bayi na fita da lauje tun asuba su yanko ɗanyar ciyawa. Da kaka a tara harawa da karmami da ingirici a ɗora a kan rumfa ko bishiya don rani. Hatsi da dusa a ba shi da awo, safe da yamma. Dokin da ake so ya yi ƙiba har ɗura ake yi masa da hannu. Ga kuma kanwa, wadda fatake ke kawowa daga Manga da gaɓar tafkin Cadi, ana jiƙa ta a ruwa a ba shi. Mutanen da ba su san sunan sinadarai ba, amma sun lura cewa dabbar da ke zufa haka tana bukatar gishiri-gishiri, ilimin zamani kuma ya tabbatar da cewa gishirin jiki mai yawa na fita tare da gumin doki.

Wannan ma ya bayyana abin da ya sa yaƙe-yaƙen da suka fi yawa bayan kaka. Rumbuna sun cika, harawa ta samu, koguna sun janye, ƙwari sun ragu, manoma sun sami sarari. Sarkin da ya fita da dawaki ba tare da lissafin rijiyoyi da abincinsu ba, ƙishirwa ke cin rundunarsa kafin abokan gaba su gan ta.

Horo

Goɗiya na ɗaukar ciki kimanin wata 11, kuma galibi a ƙauye ake barin goɗiyoyi suna haihuwa, mazan ne ke zuwa birni. Duƙushi ba a rana ɗaya yake zama abin hawa ba. Sai ya saba da hannun mutum da ragama, ya saba da dabaibayi da tsayuwa a turke, sannan a fara ɗora masa abu mara nauyi a baya, daga baya sirdi da majayi, daga ƙarshe linzami. Sai kilisa, fitar safe ko ta yamma a hankali, wadda ke gina ƙarfinsa ta kuma sa ya san mahayinsa. Dokin fada sai ya saba da tambari da kakaki da algaita da ƙarar bindiga, domin wanda ya firgita cikin taro kashe mutane zai yi.

Masu saye ba sa tambayar shekaru, baki suke buɗewa. Haƙoran girma na tsakiya na fitowa wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Ƙasusuwan bayansa ma sai wajen shekara biyar zuwa shida suke gama ƙwari. Wanda ya ɗora wa ɗan shekara biyu ƙato da cikakken ado ya yi ta sukuwa, ya ci rabin rayuwar dokin tun ba a je ko'ina ba. Suna kuma duba launi, har kowane da sunansa: akawal, kili, danda, bidi, gunya, hurde. Yawan sunayen kaɗai ya isa ya nuna irin kallon ƙurillar da ake yi wa dabbar.

Linzaminmu na gargajiya mai tsanani ne. Yana da ƙarfe da ke danna dasashin sama da zobe da ke matse haɓa, an kuma yi shi haka ne don mahayin da hannunsa ɗaya ke riƙe da mashi ya iya tsayar da doki cak yana tsakiyar gudu. Zamiyar da ake yi gaban sarki wajen jafi daga nan ta fito. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, kamazuru a sake yake. A hannun wanda ya karɓi hayar doki na yini ɗaya, wannan ƙarfe wuƙa ne. Tsagar da muka gani a bakin dokin nan ba ta bukatar wani bayani.

Inda doki ke tsayawa

Akwai iyakar da ba sarki ne ya shata ta ba. Idan aka nausa kudu inda kurmi ya yi duhu, ƙudan tsando na ɗauke da sammore, dokin da ya shiga can kuma ba ya daɗewa. Daular Oyo ta Yarabawa ta yi ƙarfi da rundunar dawaki, amma daga arewa take sayo su saboda ba sa hayayyafa sosai a can, kuma bayi 'yan arewa ne ke lura da su. Wato sanin barga ma haja ne da aka fitar daga ƙasarmu, tare da mutanen da ke ɗauke da shi a ka.

A gida ma damina lokacin fargaba ce. Akwai annobar dawaki da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, tana kumbura kai ta cika huhu da ruwa, ta kashe mafi yawan waɗanda ta kama. Ga kaska, ga tsutsar ciki. Hayaƙin da ake turawa a barga da yamma, da sharar kashi da ake yi kullum, da wanka da cire kaska da hannu, su ne rigakafin wancan zamani. Sai a 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos.

Doki bai taɓa zama tabbacin nasara ba. A Tafkin Kwatto, cikin Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba, suka kuma karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai 'yan lifidi, da ƙarfin maharba. Amma da daula ta kafu, ita ma kan doki ta hau, har dawaki suka shiga cikin abin da sarakuna ke aikawa Sakkwato.

Bayan 1903

Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairun 1903. A Kwatarkwashi Waziri Ahmadu da barade suka yi ta afka wa sojojin da ke tsaye da bindigogi har aka kashe shi. Ranar 15 ga Maris aka yi na Sakkwato, a Yuli kuma aka yi Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Bindiga mai ruwa ta gama da aikin da doki ya yi shekara ɗari biyar yana yi.

Sauran ayyukansa ma ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, hakimi ya daina rangadi a kan sirdi. An hana kamun bayi da cinikinsu tun farkon mulkin Turawa, a 1936 kuma doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wannan alheri ne babba, sai dai yana nufin hannuwan da ke yankan ciyawa kyauta sun tafi, kuma ba a zauna an tsara abin da zai maye gurbinsu ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage iko da kuɗin masarautu. Birane suka cinye fadamu da burtali, harawa ta zama abin saye da tsada, ana gogayya da masu kiwon raguna a kanta.

Abin da ya rage shi ne kallo da wasa. An yi babban hawa a Kano don Yariman Ingila a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, an sake yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi folo, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da aka san shi har ƙasashen waje. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk mun yi murna, kuma ta cancanta.

Sai dai hawa yini kaɗan ne a shekara, ciyarwa kuwa kwana 365. A bargar sarakuna da ta 'yan folo da ta wasu masu son doki tsakani da Allah, har yau akwai gwanaye, dawakinsu na sheƙi. Matsalar tana wajen dokin haya da na ƙwalisa, wanda ake saya don angwanci da kilisar samari, a yi ta sukuwa da shi a kan kwalta. Dawakinmu tun asali ba a sa musu takalmi domin a kan rairayi da turɓaya suke tafiya. Kwalta na cinye kofato, tana sa santsi, zamiya a kanta kuma na lalata gaɓoɓi. A da ana cewa mai doki ya koma kuturi idan an ƙwace wa mutum abinsa. Yanzu sanin doki ne ya koma kuturi, hoto na bisa sirdi.

Amsar da muka koma da ita

Bayan mun tambayi wani dattijo da ya tsufa a barga, muka kuma ji ta bakin likitan dabbobi, abin mamaki shi ne yadda maganarsu ta zo kusan ɗaya. Ruwa mai tsabta ya kasance gaban doki kowane lokaci, in ba hali a ba shi aƙalla sau uku a rana har ya ƙoshi. Ciyawa da harawa su ne tushen abincinsa, dokin da ya kai kilo 350 na bukatar busasshiya wajen kilo 6 zuwa 7 a rana, a rarraba. Dusa da hatsi ƙari ne, kaɗan-kaɗan, ba a ba shi dab da gudu, ba a kuma sauya masa abinci rana ɗaya. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Kada a zuba masa abinci a kan yashi, domin yashin na taruwa a hanji, a kuma tsince leda daga inda yake. Dokin da ya ƙi ci, yana waiwayar cikinsa, yana tonon ƙasa yana birgima, ciwon ciki ne, a nemi likita nan take.

Kofato a duba shi kullum a cire tsakuwa, a gyara shi duk mako 6 zuwa 8. Mikin baya a wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a kare shi daga ƙuda, kada a shafa baƙin mai, kada kuma sirdi ya sake hawa sai ya warke sarai, sannan a gyara shimfiɗar da ta jawo shi. Doki na cikin dabbobin da cutar sarƙe-haƙora ta fi saurin kamawa ta hanyar rauni ko taka ƙusa, kuma akwai allurar rigakafinta.

Da muka koma muka faɗa wa yaron, ya saurara da kyau, sannan ya ce, "To Yaya, duk na ji. Amma kuɗin harawar fa? Maigida dusa kawai yake aikowa." Nan ma bakinmu ya mutu, domin tambayar da Shamaki da hakimai suka yi ɗaruruwan shekaru suna amsawa ce, an bar ta a hannun ɗan shekara 15. Wanda ba zai iya ciyar da doki har shekara ta zagayo ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ya haƙura da ajiye shi.

Littattafan tarihi sun riƙe mana sunan Kanajeji da Rumfa, ba su riƙe sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka yanko ciyawa suka jawo ruwa ba. Magadansu na nan da rai, tsofaffi ne a bargar Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Damagaram, kowace shekara kuma suna raguwa. Wayar da muke ɗaukar hoton hawa da ita tana iya naɗar muryarsu: yadda ake gane doki ba shi da lafiya tun daga tsayuwarsa, yadda ake sa wa duƙushi ragama, awon kanwa, sunan kowane ciwo. Ƙungiyoyin mahaya kuma na iya hana fita da doki mai miki, kamar yadda suke tsara layi da anko. Sallah mai zuwa, idan an sauka daga hawa, mu bi dokin zuwa turkensa mu ga abin da ke cikin bokitinsa, mu kuma tambayi sunan wanda ya cika shi.